Takin ɓawon ƙaguwa da lissafin lambun albasa a Maiyama

A jihar Maine ta Amurka, inda kamun ƙaguwa da manyan jatan lande yake sana'ar gado, ba duk ɓawon da masana'antu suka zubar ke tafiya juji ba. Ana cakuɗa shi da garin katako da ganyaye, a bar shi ya ruɓe, a ɗura a buhu a sayar wa masu lambun bayan gida. Matashin da ya gaji fangalin albasa a Maiyama ko Aliero, in ya ga irin wannan taki a bidiyon waya, yana iya zaton akwai wani sirri a cikinsa da kashin shanun gidansu ya rasa. Gaskiya ne akwai abin amfani a ɓawon. Amma kowane taki da tambaya uku ake gane darajarsa: me ke cikin kilo 100 nasa, nawa daga ciki zai fito wa shuka a wannan zangon noma, kuma daga ina za a ɗauko shi. Da aka bi takin ɓawo da waɗannan tambayoyi, sai lissafin ya dawo da mutum turken gidansu, amma da sabon ido.

A shekarar 2015 wasu masana biyu na Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka wallafa a mujallar Nature cewa duniya na zubar da ɓawon ƙaguwa da jatan lande tan miliyan 6 zuwa 8 a kowace shekara. Sun rarrabe abin da ke cikinsa gida uku: furotin kashi 20 zuwa 40 cikin 100, sinadarin farar ƙasa mai kalsiyam kashi 20 zuwa 50, sai wani abu mai tauri da ake kira kaitin, kashi 15 zuwa 40. Kaitin ɗin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, shi ne ke ɓawon fara da na buzuzu da na kyankyaso. Tsantsarsa na ɗauke da nitrojin kusan kashi 7 cikin 100. In an busar da ɓawon gaba ɗaya an niƙa, garin yakan zo da nitrojin kamar kashi 4, da ɗan fosforas, fotashiyam kuwa kusan babu. In kuma an riga an ruɓar da shi tare da garin katako, nitrojin ɗin yakan sauko zuwa kashi 1 ko 2, wato daidai da kashin awaki mai kyau. Yuriya kashi 46 ce. Ke nan ta fuskar abincin shuka, takin ɓawo ba wani gwarzo ba ne.

Abin da ya fito da sunansa shi ne maganin tsutsar saiwa, waɗannan ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir da kuɓewa da tattasai ta yi ƙulle-ƙulle, shuka ta tsumbure ko da ana ba ta ruwa. Ƙwan wannan tsutsa yana da kaitin a jikin ɓawonsa. In aka zuba kaitin a ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke cin sa suna hayayyafa, su gama da wanda aka zuba su koma kan ƙwan tsutsar, ga kuma iskar amoniya da ke fita yayin ruɓewa, ita ma tana kashe su. Masu bincike a Jami'ar Auburn ta jihar Alabama sun nuna haka tun farkon shekarun 1980, har aka yi wa wani magani na ɓawon ƙaguwa rajista a Amurka a 1988. Amma a nan gizo ke saƙa. A gwaje-gwajen tukunya, sai an zuba kaitin kamar kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙasar kafin a ga tasiri sosai. Kashi 1 a baki ba komai ba ne, sai an auna ƙasa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. In aka ɗauki zurfin santimita 15, iyakar inda garma ke juyawa, kuma kowace mita kubik ta ƙasar jigawa tana da nauyin tan ɗaya da rabi, fatar hekta guda ta kai tan 2,250. Kashi 1 nata tan 22 da rabi ne. Ko ɗan lambu mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, wanda da shi za mu riƙa awo daga nan, yana son kilo 225 na kaitin. In kwata ɗin ɓawo ne kaitin, kilo 900 na ɓawo ke nan, buhu 18 masu kilo 50. Kuma in aka wuce kima, amoniyar da ta kashe tsutsa ita za ta ƙone dashe.

To, daga ina? Daga Jega zuwa gaɓar teku ya haura kilomita 600 ko a tafiyar tsuntsu, balle a mota ta Koko da Yawuri da Kwantagora. Jatan landen da ke isowa kasuwanninmu busasshe ne, daga wajejen Oron da Kalaba, kuma na miya ne, da ɗan gwangwani ake auna shi. Ba a ɓare shi balle a sami ɓawo, duka ake dakawa. Wanda ya zuba shi a fangali ya zuba kuɗin cefane a ƙasa. Ga kuma gishiri. Albasa na cikin shuke-shuken da suka fi rakin gishiri: a teburin Hukumar Abinci ta Duniya, amfaninta na fara raguwa da zarar ma'aunin gishirin ƙasa ya wuce 1.2, kuma kowace ƙarin lamba ɗaya tana cin kashi 16 cikin 100 na girbi. Tumatir sai an kai 2.5 yake fara jin jiki. Duk abin da ya fito daga teku ba a wanke shi ba, fangalin albasa ne wuri na ƙarshe da ya kamata a kai shi. Mutanen Maine ba don ɓawo ya fi kowane taki suke ruɓar da shi ba. Shara ce ta yi musu yawa a bakin ƙofa, suka nema mata mafita. Mai fama da tsutsar saiwa a Maiyama yana da tasa sharar a bakin ƙofa: 'ya'yan dogon yaro da ke zuba a gindin bishiya. Tunkuzarsu na da nitrojin kashi 2 zuwa 5, tana rage wannan tsutsa, tana kuma hana yuriya saurin zurarewa, dalilin da ya sa Indiya ta wajabta shafa wa duk yuriyar da ake yi a ƙasar man dogon yaro tun 2015.

Saura kalsiyam, kuma wannan ɓangaren ya fi ban sha'awa. Ɓawon makankari da ake tsinta a bakin gulbi, da na katantanwa, da na ƙwan kaza, dukansu kamar kashi 95 cikin 100 sinadarin farar ƙasa ne, kuma kashi 40 na wannan sinadari kalsiyam ne. Daka ɗan ɓawon ƙwai ya yi laushi, ka matsa masa lemun tsami, za ka ga yana 'yan ƙananan kumfa: tsami ne ke mutuwa. Aikin da yake yi a ƙasa ke nan, kashe tsami. Masana duwatsu sun ce sama da shekara miliyan 55 da suka wuce teku ne ya rufe yankin Sakkwato, kuma dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake siminti da shi tun shekarun 1960, ɓawon halittun wannan teku ne da ya daskare. Ashe takin ɓawon da ya fi kusa da Maiyama yana kwance a hanyar Sakkwato, tafiyar 'yan sa'o'i, ba a bakin teku ba.

Ko ƙasar na bukatarsa, wannan wata tambaya ce. Albasa ta fi son ma'aunin tsami, wato pH, tsakanin 6 da 6.8. Ƙasar tudu a yankin nan takan zauna tsakanin 5.5 da 6.5, ta fadama kuwa kowace da halinta, wata ma har farin kanwa take fitarwa a sama bayan shekarun ban ruwa. Irin wannan in aka ƙara mata farar ƙasa an ƙara mata ciwo ne. Inda lissafin yake aiki shi ne lambun da ya daɗe yana shan yuriya. Ƙa'idar da masana ƙasa ke amfani da ita ita ce kowane kilo ɗaya na nitrojin daga yuriya yana barin tsamin da sai kilo 1.8 na farar ƙasa zai kashe. Mai zuba kilo 100 na nitrojin a hekta yana cin bashin kilo 180 kowace shekara. Ɓawon ƙwai ɗaya giram 5 zuwa 6 ne, don haka biyan wannan bashi da ɓawon ƙwai yana son ƙwai sama da 30,000. Wauta ce a gona. Amma lambunmu mai mita 10 sau 10 bashinsa kilo 1.8 ne kacal, ɓawon kiret 11 ko 12, abin da mai shayi ɗaya a tashar Jega zai tara ba da daɗewa ba. Abin da ya gagara a hekta yana yiwuwa a lambu, kuma a kan wannan bambanci duk sauran lissafin zai tafi. Sharaɗi ɗaya ne: a niƙa. Ɓawon da ba a daka ba yana shekaru a ƙasa bai narke ba, shi ya sa ake tono makankari lafiyayye a tsohon kufai. Tokar murhu ma na wannan aiki da kamar rabin ƙarfin farar ƙasa, ga fotashiyam a ciki, sai dai ba a haɗa ta da yuriya ko kashin kaji a lokaci ɗaya, domin tana korar nitrojin ɗinsu ya bi iska.

Yanzu ga abin da albasa ke ci. Alƙaluman Hukumar Abinci ta Duniya sun ce hekta ɗaya na son nitrojin kilo 60 zuwa 100, fosforas kilo 25 zuwa 45, fotashiyam kilo 45 zuwa 80, da ruwa milimita 350 zuwa 550, kuma gona mai kyakkyawar kulawa na ba da tan 35 zuwa 45. A lambunmu sai a raba komai da 100: nitrojin kilo 1, fosforas bai kai rabin kilo ba, fotashiyam ƙasa da kilo 1.

Lambobin da ke jikin buhun kamfa suna da ɗan ruɗi da ba kowa ke lura ba. Buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana da nitrojin kilo 7 da rabi, wannan daidai ne. Amma lamba ta biyu da ta uku ana rubuta su ne haɗe da nauyin iskar oksijin. Ainihin fosforas kashi 44 ne na lambar da aka rubuta, fotashiyam kashi 83. Ke nan buhun na da fosforas kilo 3.3 da fotashiyam kilo 6.2, jimla kilo 17 na abincin shuka a cikin kilo 50. Buhun 20-10-10, wanda shirin takin shugaban ƙasa ya yaɗa bayan yarjejeniya da Maroko a Disamban 2016, a kan naira 5,500 a wancan lokaci, yana da nitrojin kilo 10, fosforas 2.2, fotashiyam 4.2. Ba ha'inci ba ne, haka ake rubutawa a duk duniya. Amma mai kwatanta takin zamani da na gida dole ya san wannan, in ba haka ba zai tauye kashin shanu ba da hakki ba.

Kilo ɗaya na nitrojin da lambun ke so, yuriya kilo 2.2 ta biya shi. Kamfa 15-15-15 sai kilo 6.7. Busasshen kashin kaji yakan zo da nitrojin kashi 2 zuwa 4, mu ɗauki 3, kuma kusan rabinsa ke fitowa a zangon farko, don haka ana son kilo 67. Garin ɓawon ƙaguwa, in rabinsa ya fito, kilo 50. Busasshen kashin shanu irin namu, na dabbar da ke kiwon kara da busasshiyar ciyawa, yana wajen kashi 1, kuma abin da malaman gona suka saba ƙiyastawa shi ne kwata ke fitowa a shekarar farko. Kilo 400 ke nan, buhu 8, a ɗan wurin da taku goma sha uku zai ratsa. Waɗannan rabi da kwata awon jagora ne, ba doka ba. Ƙasa mai ɗumi da laima tana saurin narkar da taki, sanyin hunturu kuwa, lokacin da albasa ke fangali, yana rage masa gudu.

Wanda ya tsaya a nan zai ce kashin shanu ba shi da amfani, nauyi ne kawai. Amma a duba sauran abin da ke cikin kilo 400 ɗin. In fosforas kashi 0.3 ne, fotashiyam kashi 1, an zuba wa lambun fosforas kilo 1.2 da fotashiyam kilo 4, wato ninki uku da ninki biyar na bukatarsa. Neman nitrojin a kashin shanu kamar sayen saniya ne don wutsiyarta. A juya lissafin. A zuba kilo 100 kawai, kilo ɗaya a kowane murabba'in mita, daidai da tan 10 a hekta. Wannan ya kawo fosforas kilo 0.3 da fotashiyam kilo 1, duka biyu sun kai abin da albasa ke so, ya kuma kawo kwatan kilo na nitrojin. Sauran kashi uku cikin huɗu, yuriya kilo 1.6 ta cike. Buhu biyu na kashin shanu da abin da bai kai kilo biyu ba na yuriya sun tsaya a madadin kamfa kilo 6.7. A ganina wannan shi ne alƙalamin da ya fi kowanne daraja a duk maganar, domin kamfa ita ce mai tsadar, kuma fosforas da fotashiyam ɗinta daga ƙasashen waje ake shigo da su, alhali yuriya a gida ake yin ta, a Eleme da kuma masana'antar Dangote ta Lekki da aka buɗe a Maris 2022, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Kuma yuriyar a raba ta sau biyu ko uku a farkon girma. Nitrojin da aka ba albasa a makare yana kumbura mata wuya, irin wadda ba ta jimrin zama a rudu.

Tan 10 a hekta magana ce mai sauƙi a takarda. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kamar kilo 6 a yini, tana fitar da kusan rabi, wato wajen tan ɗaya na busasshen kashi a shekara. In tana fita kiwo, rabin wannan a daji yake zuba. Abin da ke isa hannun mai ita rabin tan ne. Hekta ɗaya ke nan sai shanu 20. Gida nawa a Andarai ko Mungadi ke da shanu 20 a kan kowace hekta? Abin da ya sa tun kaka da kakanni manomi ke zuwa wurin makiyayi bayan girbi ya ce, "Ardo, a kwana mini a gona," ya biya da damin gero ko dawa, ke nan: garke ne ke tattaro abincin daji mai faɗi ya ajiye shi a wuri ɗaya. Inda wannan amana ta yi rauni, ƙasa ce ta fara ji. Amma saniya ɗaya tak ta isa lambu biyar irin namu. Mai shanun huɗa biyu da 'yan awaki ba zai iya ƙosar da gonar gero ba, in ya watsa takin a can sai ya ɓace kamar ba a zuba ba. In ya tara shi a fangali, murabba'in mita 1,000 na albasa sun ƙoshi.

Abin da ke salwanta kafin taki ya bar gida ya fi abin da ake zato. Kusan rabin nitrojin da dabba ke fitarwa, da mafi yawan fotashiyam, a fitsari suke, kuma fitsari a turken da ba shimfiɗa ƙasa ke shanyewa. Tarin kashin da aka bari a rana watanni yana iya rasa rabin nitrojin ɗinsa. Warin da ke hawa hanci in an tona tarin kashin kaji, nitrojin ne ke tafiya. Kandilon da rana ta gasa ya yi fari a fili, galibi zare ne ya rage.

Maganin wannan ɓarna yana tule a bayan kowane injin shinkafa. Kebbi ta zama jihar shinkafa sosai tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, 2015. Kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera ɓuntu ne. Kamfanin WACOT na Argungu, da aka buɗe a 2017 da ƙarfin sarrafa tan 120,000 a shekara, in ya yi aiki cikakke a wannan ƙarfi, ɓuntunsa kaɗai tan 24,000 ne. Manyan kamfanoni suna ƙona nasu su dafa ruwa, amma na ƙananan injinan gari ga shi nan a tule, wani lokaci wuta na ci a cikinsa kwana da kwanaki. Ɓuntu shi kaɗai ba taki ba ne. Nitrojin ɗinsa bai kai rabin kashi 1 ba, kabon kuwa kashi 40, wato kabon kusan 90 ga kowane nitrojin ɗaya. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abu suna son 25 zuwa 30 ga ɗaya. In ba su samu a cikin abin ba, sai su kwashi na ƙasa, shuka ta yi ɗorawa, manomi ya ce ɓuntu ya kashe masa lambu. Haɗa shi da kashin kaji lissafin ya gyaru: ɓuntu kilo 200 na da kabon 80 da nitrojin 0.9, kashin kaji kilo 100 na da kabon 30 da nitrojin 3, jimla 110 ga 3.9, wato 28 ga ɗaya. Biyu bisa ɗaya ke nan a sikeli. A awon buhu ɓuntun zai ninka haka sau da yawa, saboda ba shi da nauyi. Hanya mafi sauƙi ma ita ce a shimfiɗa shi a turke da akurki ya sha fitsari, a riƙa kwashewa ana tarawa a inuwa. Yana da jinkirin ruɓewa saboda yashin da ke jikinsa, amma a laka mai ƙanƙara wannan jinkiri alheri ne, yana buɗe ta ruwa ya shiga.

Karan shinkafa ya fi ɓuntu arziki. Yana da fotashiyam kashi 1.2 zuwa 1.7, kuma sama da kashi 80 na fotashiyam ɗin da shinkafa ta zuƙa a karan yake tsayawa, ba a ƙwaya ba. Matan da ke tace tokar kara su zuba a miya sun daɗe da sanin akwai wani abu a kara. Tan ɗaya na karan shinkafa na da fotashiyam kamar na buhu biyu na 15-15-15. In an cinna masa wuta, kusan duk nitrojin da kabon sun tafi da hayaƙi. Wani nazari na 1990 da masana daga Holan suka yi wa Hukumar Abinci ta Duniya a kan ƙasashe 38 na Afirka kudu da Sahara ya ƙiyasta cewa kowace hekta na rasa nitrojin kilo 22, fosforas 2.5, fotashiyam 15 a shekara. Kilo 15 ɗin nan bai wuce abin da ke cikin tan ɗaya na kara ba. Jinin mayanka, mai nitrojin kashi 12 in ya bushe, da kayan cikin kifin da ake gyarawa a Yawuri da bakin Gulbin Zamfara, su ne 'yan uwan ɓawon ƙaguwa na gaskiya a nan, kuma wurinsu tsakiyar tarin ɓuntu ne, a binne da zurfi saboda ƙuda da karnuka.

Akwai masu cewa a bar takin zamani gaba ɗaya, akwai masu cewa takin gida aikin da ne. Zariya ta daɗe da raba wannan gardama. Tun 1950 aka ware filaye a Samaru ana zuba wa wasu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyu, wasu ba komai, shekara bayan shekara, a kan tsarin gwajin Rothamsted na Ingila da ya faro a 1843. Filayen da suka sha takin nitrojin zalla sun yi tsami, waɗanda aka haɗa wa biyun su ne suka riƙe ƙarfinsu. Sai dai kada mai lambu ya sa ran ganin ƙasarsa ta yi baƙi a shekara ɗaya. Ƙasar tudu a arewa galibi kabon ɗinta bai kai kashi 1 ba, da yawa ma rabin kashi ne. A tan 22 da rabi na lambunmu, rabin kashi kilo 112 ne. Kashin shanu kilo 100 na kawo kabon kamar kilo 30, kuma zafi da gara da ƙwayoyin ƙasa suna cinye mafi yawansa. In mun ƙaddara kashi 15 ke tsayawa, kilo 4 da rabi ne a shekara. Ɗaga ƙasar daga 0.5 zuwa 0.6 zai ci shekara biyar ana zubawa ba fashi. Taron shugabannin Afirka a Abuja a Yunin 2006 ya sa burin ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 zuwa 50 a hekta kafin 2015. Ba a cim masa ba a kan lokaci, kuma da suka sake haɗuwa a Nairobi a Mayun 2024, lafiyar ƙasa ta shiga cikin sunan taron tare da taki.

Alƙalami na ƙarshe na lafiyar mai ci ne. Dokar noman da ba sinadari ta Amurka ta ce ɗanyen kashin dabba sai a zuba shi kwana 120 kafin girbin duk abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Albasar da aka dasa a Nuwamba aka cire a Maris, kwana 120 ɗin kusan duk rayuwarta ce a fangali, don haka lokacin ɗanyen taki shi ne kafin dashe, ba bayansa ba. Latas da karas, da ake ci ɗanye kuma suke nuna da wuri, ba sa son ɗanyen taki ko kaɗan. Ruɓaɓɓe kuwa sai tarin ya kai zafin digiri 55 ya daɗe a haka, kwana 15 ana juyawa sau biyar a tsarin da hukumar muhallin Amurka ta amince da shi, kafin a ce ƙwayoyin cuta da irin ciyawa sun mutu. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya soka rodi a tsakiyar tarin ya bar shi minti goma. In ya zare ya kasa riƙe bakin da hannu, tarin na aiki. In ya fito da sanyi, ko dai ya bushe ko ɓuntu ya yi yawa. Laimar da ake so ita ce a dunƙula a hannu ya kama jikinsa, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito.

Duk kason da aka yi aiki da shi a nan tsaka-tsaki ne na littafi, kuma kashin sa mai cin dusa da harawa a gidan mai kiwon turke ya fi na saniyar da ke tsintar kara a watan Afrilu nesa ba kusa ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da aka kafa a 2006, tana da gonar koyarwa da bincike a Jega, tsakiyar waɗannan fadamu. Manoman albasa goma a gari ɗaya za su iya haɗa kuɗi su kai samfurin ƙasa da na taki a auna musu pH da gishiri da nitrojin, sannan su sauya lambobin da ke sama da nasu, su sake bugawa.